Awon Matsin Iska a Cikin Injin Jirgin Sama

1.0 Gabatarwa

Injin jirgin sama irin na zamani, wanda ake kira jet, da iska yake aiki. Yakan zuƙo ta ta gaba, ya matse ta, ya zuba mata mai a kunna wuta, sa'an nan ya feso ta ta baya da ƙarfin gaske, wannan fesowa kuwa ita ke tunkuɗa jirgi gaba. To, amma akwai wata matsala. Idan inji yana masana'anta, ana iya ɗaure shi a kan dandamali mai sikeli a auna ƙarfin tunkuɗarsa kai tsaye. Da zarar an maƙala shi a fiffike ya tashi sama, babu sauran sikelin da za a ɗora shi a kai. Dole ne matuƙi ya san ƙarfin injinsa ta wata hanya, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nan ita ce auna matsin iska a wurare dabam-dabam a cikin injin.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu ma'anar matsin iska, da wuraren da ake auna shi a cikin inji, da na'urorin da ke yin awon. Daga ƙarshe za a kawo labarin wani haɗari da ya auku a Amurka cikin 1982, domin a ga irin abin da kan faru idan ma'auni ya yi ƙarya.

2.0 Ma'anar Matsin Iska

Iska tana da nauyi, ko da yake jikinmu ya saba da shi har ba ma jin sa. A bakin teku, iskar da ke bisa kanmu tana danna kowane fili mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1, wato kamar faɗin farcen yatsa, da nauyin da ya ɗara kilo 1 kaɗan. Wannan dannawa ita muke nufi da matsin iska. Masana suna ƙidaya shi da wani awo mai suna kilofaskal, kuma matsin bakin teku da aka amince da shi shi ne kilofaskal 101.3. Masu faci da bakanikai sun fi sabawa da wani awon na Ingilishi, wanda a cikinsa wannan adadi yake daidai da 14.7.

Wanda ya fara auna matsin iska shi ne wani masani ɗan Italiya, Evangelista Torricelli, a 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa bakinsa cikin kwano mai zaiba, sai ya ga zaibar ta sauka ta tsaya a tsayin kimanin milimita 760. Abin da ya riƙe ta a nan shi ne nauyin iskar da ke danna zaibar cikin kwano. A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana ƙara sauka gwargwadon hawa. Daga nan aka tabbata cewa matsin iska yana raguwa idan aka yi sama. A tsayin mita 5,500 rabinsa ne ke saura, a tsayin mita 11,000 kuwa, inda manyan jirage ke shawagi, bai kai kashi 1 cikin 4 ba.

Akwai kuma wani bambanci da ya wajaba a fahimta tun daga nan. Iskar da ke zaune wuri ɗaya tana danna ko'ina daidai wa daida, wannan shi za mu kira matsin zaune. Idan iska tana gudu, aka tare ta, sai ta ƙara wata dannawa a kan abin da ya tare ta, kamar yadda mai tafiya a mota yakan ji idan ya miƙa tafin hannunsa ta taga. Wannan ƙari shi ne matsin gudu. In an haɗa su biyu sai a sami jimillar matsi. Henri Pitot, shi ma Bafaranshe, ya ƙago wani lanƙwasasshen bututu a 1732 don auna gudun ruwan kogin Seine. Bakin bututun yana fuskantar inda ruwa ke tahowa, saboda haka jimillar matsi yake ɗauka. Har yau wannan dabara ce ake amfani da ita a cikin injin jirgi. In ana son jimillar matsi sai a sa bututu mai fuskantar iska, in kuwa matsin zaune ake so sai a huda ɗan ƙaramin rami a jikin bango inda iska ke shafa ta wuce.

3.0 Tafiyar Iska a Cikin Inji

Frank Whittle na Ingila ya yi rajistar dabarar injin jet a 1930, Hans von Ohain na Jamus kuwa shi ne wanda injinsa ya fara ɗaga jirgi sama, a watan Agusta na 1939. Tun daga wancan lokaci tsarin aikin injin bai sake ba, sai dai inganci da ya ƙaru. Injiniyoyi sun raba hanyar da iska ke bi zuwa zango-zango, suka ba kowane zango lamba, domin in an ce matsin zango kaza kowa ya san wurin da ake nufi.

Zango na 2 shi ne bakin babbar fanka, inda iska ke shiga. Daga nan sai mamatsa, wato jerin farfeloli masu juyawa, a tsakaninsu kuma da wasu kafaffu, kowane jeri yana ƙara matse iskar da na gabansa ya miƙo masa. Aikinta ya yi kama da na zugazugin maƙeri, sai dai ita ba ta hutawa tsakanin zuga da zuga. Ƙarshen mamatsa shi ne zango na 3, kuma a nan ne matsi ya fi yawa a duk cikin injin. Injunan farko na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sukan ninka matsin iska kamar sau 3 zuwa 4. Injin GE90-115B da ke kan jirgin Boeing 777 yana ninka shi kimanin sau 42, wanda ya kai kusan ninki 20 na abin da gejin mai faci ke nunawa a tayar ƙaramar mota. Matsewar kaɗai tana sa zafin iskar ya kai wajen digiri 600 tun ba a kunna mata wuta ba.

Daga nan iska ke shiga ɗakin ƙuna, inda ake fesa mata kananzir. Mutane da yawa sukan zaci a nan matsi yake hauhawa, alhali kuwa raguwa yake yi da kamar kashi 4 ko 5 cikin 100. Abin da wuta ke ƙara wa iskar shi ne zafi da kumbura, har zafin ya wuce digiri 1,500 a injunan yanzu. Dole ne matsin ɗakin ƙuna ya gaza na bakin mamatsa, don in ya fi shi wutar za ta komo gaba. Zango na 4 shi ne mafitar ɗakin ƙuna, inda zazzafar iska ke bugun farfelolin tarbin. Tarbin ita ke juya sandar da ke ɗauke da mamatsa da fanka, kuma a wajen yin wannan aiki matsin iskar yakan faɗi ƙwarai. Abin da ya saura a bayan tarbin, wato zango na 5, wanda a lissafin wasu tsofaffin injuna ake kira na 7, shi ke feso iska ta wutsiya.

4.0 Na'urorin Awo

Awon yana farawa daga tsinken awo, wato ɗan siririn bututun ƙarfe da aka soke cikin hanyar iska. Da yake matsi a tsakiyar hanya yakan bambanta da na gefe, akan jera bakuna da yawa a jikin sanda ɗaya, kamar haƙoran manjagara, a haɗa abin da suka ɗauko a fitar da matsakaici. Lokacin da ake gwajin sabon inji a masana'anta, akan sa irin waɗannan bakuna ɗaruruwa. A injin da ke aikin jigila kuwa 'yan kaɗan ne ake bari, waɗanda ba makawa sai da su.

Ita kanta na'urar da ke jin matsin ba a cika sa ta a cikin zafin ba. Akan ja siririn bututu daga tsinken awo zuwa wuri mai sanyi a jikin murfin fanka. A jiragen da, na'urar gwangwani ce mai naɗe-naɗe wadda aka zuƙe iskar cikinta, irin wadda Lucien Vidi ya ƙago a 1844. In matsi ya ƙaru sai ta takure, in ya ragu ta miƙe, motsinta kuma ya juya allurar geji. A jiragen yanzu tantani ake amfani da shi, kamar na bakin kalangu, amma na silikon ne, ƙarami ƙwarai. An dasa wasu siraran hanyoyin lantarki a jikinsa, idan matsi ya lotsa tantanin sai yadda lantarki ke bi ta cikinsu ya sauya, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta mayar da wannan sauyi zuwa lamba. Charles Smith ne ya gano wannan hali na silikon a Amurka cikin 1954. Akwai kuma wata iri mai ɗan gwangwanin ƙarfe da ake sa shi rawa. Matsi yana sauya saurin rawarsa kamar yadda ɗaure tsirkiyar goge ke sauya amonta, saboda haka in an ƙidaya rawar an san matsin.

Wannan tsari na jan bututu yana da nasa illoli. In bututu ya yi tsawo, labarin sauyin matsi yakan yi jinkirin isa. Raɓa takan taru a ciki, ta daskare idan jirgi ya hau sama inda sanyi ke kai digiri 56 ƙasa da sifiri, don haka akan yi masa ramin tsiyaya. Ƙura da ƙwari su ma sukan toshe bakin. A 1996 wani jirgin Boeing 757 ya faɗa teku a gaɓar Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, masu bincike kuma suka kyautata zaton cewa zanzaro ne ya yi gini a cikin tsinken awon gudun jirgin lokacin da ya daɗe ajiye. Wannan ne dalilin da ya sa akan rufe bakin kowane tsinke da murfi mai jan ƙyalle idan jirgi zai daɗe a ƙasa. Haka kuma, kamar yadda akan gwada mudun kasuwa da mudun hukuma, akan cire na'urorin nan lokaci-lokaci a gwada su da matsin da aka riga aka san adadinsa.

5.0 Amfanin Awon

Amfani na farko shi ne sanin ƙarfin inji. Akan ɗauki jimillar matsin bayan tarbin a raba da jimillar matsin bakin fanka. Amsar da aka samu ita ce nisbar matsin inji, wadda matuƙa ke kira EPR a taƙaice. In inji yana kashe, matsin gaba da na baya ɗaya ne, nisbar ta zama 1.00. In bakin fanka yana da kilofaskal 100, bayan tarbin kuma 200, nisbar ta zama 2.00. Hikimar yin rabawa ita ce, ko jirgi ya hau sama matsin waje ya ragu, lambar tana ci gaba da nuna yawan abin da injin ya ƙara wa iskar da ya samu. Kamfanonin Pratt & Whitney da Rolls-Royce sun daɗe suna bin wannan hanya. General Electric da CFM kuwa sun zaɓi auna saurin juyawar fanka, wanda ake kira N1. Kowace hanya da rauninta. Saurin juyawa ba ya nuna cewa farfela ta zaizaye ta rage tura iska, nisbar matsi kuma ta dogara ne da 'yan ramukan da ke iya toshewa.

Kafin kowane tashi, akan lissafa nisbar da ake bukata bisa ga nauyin jirgi, da tsawon titin tashi, da tsayin filin daga bakin teku, da zafin ranar. Zazzafar iska ba ta da kauri, saboda haka inji ba ya samun abin da zai zuƙa sosai. Yawancin injuna suna ba da cikakken ƙarfinsu ne har zuwa zafin kimanin digiri 30, daga nan sai a riƙa rage musu don kada tarbin ta ƙone. A filaye irin na Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, wannan lissafi yakan sa a rage kayan jirgi ko a jira sanyin dare.

Amfani na biyu shi ne daidaita mai. Na'urar da ke sarrafa inji tana duban matsin zango na 3 kafin ta ƙara mai. In aka kwarara mai fiye da abin da iskar da ke akwai za ta ɗauka, matsi ya taru a bayan mamatsa har ta kāsa tura iska, sai iskar ta juyo ta fito ta gaba da ƙara kamar ta bindiga, wani lokaci har da harshen wuta. Ana iya kwatanta wannan da tari ko sarƙewa. In kuma aka rage mai da gaggawa, wutar ta mutu. Faɗuwar matsin zango na 3 farat ɗaya ita ce alamar da na'ura ke gane sarƙewa da ita, sai ta rage mai ta buɗe ƙofofin rage iska cikin ƙiftawar ido. Tun daga shekarun 1980 na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke wannan aiki a manyan jirage, kuma akan yi ta tagwaye, domin in ɗaya ta samu matsala ɗayar ta karɓa.

Amfani na uku shi ne lura da lafiyar inji. In aka ga inji yana bukatar ƙarin mai da ƙarin zafi kafin ya kai nisbar da ya saba kaiwa, an san farfelolinsa sun yi datti ko sun zaizaye. Injunan da ke aiki cikin ƙurar hunturu da rairayin Sahara sun fi saurin nuna wannan alama, kuma akan wanke musu mamatsa da ruwa a maido da wani abu daga ƙarfin da ya ɓata.

6.0 Haɗarin Kogin Potomac

Ranar 13 ga Janairu 1982 dusar ƙanƙara ta sauka a birnin Washinton har aka rufe filin jirgin sama na ɗan lokaci. Wani jirgin kamfanin Air Florida, ƙirar Boeing 737 mai injuna 2 irin JT8D, yana shirin tafiya Fulorida da mutum 79. An wanke masa ƙanƙara, amma ya ƙara jiran kusan minti 50 kafin a ba shi izinin tashi, dusar kuwa ba ta daina zuba ba. Matuƙan ba su kunna na'urar da ke hura zazzafar iska a bakin inji ba. Saboda haka ƙanƙara ta toshe tsinken awon zango na 2 a injunan biyu duka.

Nisbar da aka lissafa musu ita ce 2.04. Da tsinken ya toshe, sai na'ura ta riƙa jin matsin cikin hancin inji ta ramin tsiyaya, wanda ya gaza na gaskiya. Mai karatu ya tuna cewa wannan adadi shi ake rabawa da shi, kuma in abin rabawa ya ƙanƙance amsa takan girma. Ga misali don fahimta: 170 a raba da 100 ya ba da 1.70, amma 170 ɗin nan a raba da 83.3 ya ba da kimanin 2.04. Matuƙan suka tura totur har allura ta kai 2.04 suka tsaya, alhali ainihin nisbar injunan 1.70 ce. Kusan kashi 1 cikin 4 na ƙarfin da suke bukata ba ya nan.

Suna cikin gudu a kan titi, mataimakin matuƙi ya faɗa fiye da sau ɗaya cewa abin da yake gani bai yi daidai ba, amma shugabansa bai tsayar da jirgin ba. Sauran gejoji, na saurin juyawa da na zafi da na shan mai, duk suna nuna ƙasa da abin da ya kamata. Jirgin ya ci ƙarin kimanin ƙafa 2,000 kafin ya ɗaga. Ga ƙarancin ƙarfi, ga ƙanƙara a fikafikai, sai ya kāsa hawa. Bayan kamar daƙiƙa 30 a sama ya bugi gadar Titi na 14, ya faɗa kogin Potomac da ya daskare, da misalin ƙarfe 4 na yamma. Mutum 74 na cikin jirgi suka rasu, da mutum 4 da ke cikin motoci a kan gada. Mutum 5 kaɗai suka tsira daga jirgin.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano gaskiyar al'amarin ta wata hanya mai ban sha'awa. Na'urar naɗar magana ta ɗakin tuƙi ta ɗauki kukan injuna, aka auna amon kukan aka san saurin da fanka ke juyawa. Sa'an nan aka toshe tsinken awo na wani jirgin irinsa aka gwada, sai allura ta nuna 2.04 a daidai wannan sauri. Hukumar ta kuma bayyana cewa da matuƙan sun tura totur har ƙarshe tun da jirgin ya fara alamar faɗuwa, suka kuma sassauta ɗaga hancinsa, da ana iya tsira. Sun yi jinkirin turawa har lokaci ya ƙure, allurar kuwa tana nuna musu cewa injuna sun riga sun kai iyakar da aka yarje musu.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa matsin iska a cikin inji yana hawa daga bakin fanka zuwa ƙarshen mamatsa, ya ɗan ragu a ɗakin ƙuna, ya faɗi a cikin tarbin, kuma da awonsa a waɗannan zanguna ake sanin ƙarfin inji, a daidaita mai, a lura da lafiyarsa. An kuma ga cewa ingancin awon duka ya rataya a kan ɗan rami wanda ƙanƙara ko ƙura ko ƙwaro ke iya rufewa. A injunan yanzu akan ɗumama tsinken awon zango na 2 da wutar lantarki, na'ura mai ƙwaƙwalwa kuma tana gwada abin da ya ɗauko da awon da jirgi ke yi a wasu wurare. In ta ga saɓani, a injuna irin V2500 da ke kan wasu jiragen Airbus A320, sai ta bar nisbar matsi ta koma ga saurin juyawar fanka. Ban da wannan, haɗarin Potomac yana cikin waɗanda suka sa aka ƙarfafa horar da matuƙa a kan abu biyu: gwada kowane geji da 'yan'uwansa kafin a gaskata shi, da sauraron mataimaki idan ya ce ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Ɗalibin da ke son zurfafa nazari sai ya ɗauki misalin lissafin sashe na 6.0, ya juya shi, ya duba abin da allura za ta nuna idan tsinken bayan tarbin ne ya yi yoyo maimakon na gaba ya toshe, da kuma abin da matuƙi zai yi wa injinsa in ya gaskata ta.